Na je gaida tsofaffin dawakan sukuwa a Kentaki

Ƙaramar sallar 2023 a Amurka ta same ni, a garin Cincinnati wajen ɗan yayata da ke karatu a can. An yi idi lafiya, an ci an sha, amma wanda ya tashi yana bin hawan daushe da hawan Nasarawa ya san sallar da babu ƙarar kofato sai a hankali. Yaron ya lura ina ta kallon bidiyon hawa a waya, shine yace min Kawu ai kusa kake da garin dawaki, kogin nan kawai za mu tsallaka mu shiga Kentaki. Nace to me muke jira.

Muka haye gadar kogin Ohio muka miƙa kudu a babban titin da suke kira I-75, tafiyar ba ta kai awa ɗaya da rabi ba. Tun kafin ka shiga Lexington ƙasar ke fara gaya maka inda ka zo, tuddai ne marasa tsayi ciyawa ta rufe su ruf, ga shingen katako baƙi ya miƙe iya ganinka, wani wajen kuma katangar dutse ce da aka jera ba siminti. Lokacin haihuwa ne, ko'ina ka duba goɗiya ce da dukushinta a gefe yana tsalle da dogayen ƙafafun nan nasa kamar ba nasa ba. Mutanen wajen na cewa farin dutsen da ke ƙarƙashin ƙasar ne ke sa ruwansu da ciyawarsu ke gina ƙashin doki.

Filin sukuwa na Keeneland muka fara zuwa, wanda aka buɗe tun 1936, kuma sau biyu kawai ake zaman tsere a cikinsa a shekara, Afrilu da Oktoba, mun yi sa'a mun samu ƙarshen na Afrilu. Ni dai caca ba ruwana da ita, addinina bai yarda ba, kuma ba dole sai ka yi ba kafin ka shiga. Na tsaya a wajen da ake ɗaura sirdi ana zagayawa da dawakan kafin a fita da su. Wallahi dawaki ne, dogaye, jiki na sheƙi, jijiyoyi raɗa-raɗa a wuya, sirdin ɗan mitsitsi likkafa a ɗage can sama. Amma abin da na lura da shi, mutane takarda suke kallo fiye da dokin. Lamba suke kira, ba suna ba. Lamba huɗu, lamba bakwai. Ana gama tsere an yar da tikiti an koma na gaba, wanda ya ci ma ba wanda ya ƙara waiwayarsa in ban da masu shi.

A nan ne yaron ya yi min lissafin da ya tsaya min a rai. Yace Kawu a filin nan da kake tsaye, watan Nuwamban da ya wuce, a wani zama na musamman, wani doki Flightline ya ci babban tseren Breeders' Cup Classic, masana na cewa an daɗe ba a ga irinsa ba. Sau 6 kacal ya taɓa tsere a rayuwarsa, ya cinye duka 6, washegari aka ce ya yi ritaya yana shekara 4. Nace ciwo ya ji? Yace lafiyarsa ƙalau, kuɗi ne. Barbara ɗaya dala dubu 200 aka sa masa, kuma ingarma mai suna yana hawa goɗiya fiye da 100 a kaka ɗaya, ka ga dala miliyan 20 kenan ko fiye yana tsaye a barga, alhali kuɗin wancan tseren gaba ɗayansa da za a raba wa na ɗaya da na biyu da sauransu miliyan 6 ne. Kwana biyu bayan tseren aka yi gwanjon kashi biyu da rabi cikin ɗari na dokin a nan Keeneland ɗin, aka saya dala miliyan 4.6. To wane mai doki ne zai yarda ya sake sa shi a fili ya je ya karya ƙafa? Haka aka yi da American Pharoah a 2015, ya daina yana shekara 3, haka Justify a 2018 shi ma tsere 6 ya yi aka janye shi. Kamar a ce ɗan ƙwallo ya ci kofin duniya yana shekara 19, jama'a sun fara sayen rigarsa kenan sai a ce ya ajiye takalmi.

Washegari muka nufi Georgetown, ɗan ƙaramin gari arewa da Lexington inda Toyota ke da katafaren kamfani, amma mu gona muka je, sunanta Old Friends. Gidan ritaya ne na dawakan sukuwa. Wani ɗan jarida Michael Blowen, da can sharhin finafinai yake rubutawa a jaridar Boston Globe, shi ya kafa ta a 2003, kuma labarin da ya tayar da hankalin mutane har suka mara masa baya ba mai daɗi bane. Akwai wani doki Ferdinand, ya ci Kentucky Derby, tseren da ya fi suna a Amurka, a 1986, mahayinsa Bill Shoemaker yana shekara 54 a lokacin, a 1987 kuma aka zaɓe shi gwarzon dokin shekara na Amurka baki ɗaya. Da barbararsa ba ta yi albarka ba sai aka sayar da shi Japan a 1994, can ma 'ya'yansa ba su yi gudu ba, ya yi ta sauya hannu, sai a 2003 wata 'yar jarida ta bi sawunsa ta rubuta a mujallar Blood-Horse cewa tun 2002 aka rabu da shi, kuma duk alamu sun nuna a mayanka ya ƙare. Dokin da dubban mutane suka miƙe tsaye suna yi wa ihu. Ban yi saurin zagin kowa ba da na ji, don mu ma a gida mun san inda tsohon doki ke nufa idan ya daina hawuwa, dillali ya zo a yi ciniki a loda shi a mota a yi kudu da shi, ba mai tambaya. Bambancin shine su abin ya zame musu abin kunya a bainar jama'a, tun daga nan masu dawaki da yawa suka fara sa sharaɗi a takardar ciniki cewa idan doki ya gama aiki a ƙasar waje za su fanso shi ya dawo gida.

Ana biyan kuɗin shiga kuma sai ka yi rajista tun kafin ka zo. Rukuninmu duk kusan dattawa ne, farare, wasu da sanda, mai yi mana jagora wata mata ce 'yar sa-kai riƙe da bokiti cike da yankakken karas. Ta ja mana kunne, kar ka miƙa yatsa, ka buɗe tafin hannunka sosai, wanda nace kar a taɓa kar a taɓa shi, ingarma ko ya tsufa ingarma ne. Kowane ingarma da filinsa shi kaɗai, tsakaninsa da maƙwabcinsa shinge biyu da 'yar hanya a tsakiya don kar su haɗu su yi faɗa. Dandaƙaƙƙun ne ake haɗawa biyu ko fiye.

Wanda kowa ya zo gani Silver Charm ne. Haihuwar 1994, lokacin yana shekara 29, kuma shi ne mafi tsufa cikin dawakan da suka taɓa cin Derby da ke raye. A hotunansa na ƙuruciya toka-toka ne mai duhu, yanzu ya koma kili fari fat. Yana can ƙarshen filinsa yana kiwo, matar ta kaɗa bokitin ta kira shi, ya ɗago kai ya dube mu tukuna, sannan ya taho, ba da gudu ba ba kuma da jan ƙafa ba, takun ƙasaita. Da ya iso shinge na ga tsufan da kyau. Gadon baya ya lotsa, saman idanu ya yi rami, leɓen ƙasa ya ɗan saki, amma wuyan nan na nan da kaurinsa kuma kunnuwa a tsaye. Haƙoran doki cinyewa suke yi da shekaru har su ƙare, don haka tsofaffin gurzajjen karas ake ba su, abincinsu ma jiƙa shi ake yi ya yi laushi. Na buɗe hannu na miƙa, ya sa leɓe ya kwashe tas, numfashinsa da ɗumi a tafin hannuna, gashin bakin yana sosa ni, ya gama ya zuba min ido yana jiran ƙari. Na hau doki tun ina yaro, na san idon dokin da ake kula da shi da na wanda aka yasar, wannan hankalinsa a kwance yake.

Tarihinsa kuwa, a 1997 ya ci Derby da tazarar kai ɗaya, bayan sati biyu ya ci Preakness shi ma da ƙyar da kai ɗaya, don shi doki ne mai taurin rai, idan wani ya jera da shi ido da ido ba ya yarda a wuce shi. Saura tsere na uku, Belmont a New York, mil ɗaya da rabi, wanda ya haɗa ukun nan cikin sati biyar shi ne ya ɗauki kambin da tun 1978 ba a samu mai ɗauka ba a lokacin, ga kuma tukuicin dala miliyan 5 da aka ajiye. Mutum fiye da dubu 70 suka cika filin. Yana gaba har an kusa layi, sai wani doki Touch Gold ya ɓullo ta can waje, mahayinsa Chris McCarron da gangan ya nisanta da shi don kar Silver Charm ya gan shi da wuri ya tashi faɗa, kafin ya ankara an wuce shi da abin da bai kai tsawon doki ɗaya ba. Matar na gama ba mu labarin sai ta juya ta nuna wani fili can gaba kaɗan tace ga Touch Gold ɗin can. Jama'a aka sa dariya da salati irin nasu. Shi ma shekararsa 29, ja ne mai duhu, yana tsaye yana korar ƙuda da wutsiya. Dawakan da suka raba hankalin Amurka a rana ɗaya, sai ga su ranar gona ɗaya suke kwana ana ba su karas daga bokiti ɗaya.

Abin da ya sa Silver Charm ke da masoya haka ba Derby ɗin kaɗai bane a ganina. Masu shi, Bob Lewis da matarsa Beverly, ba su janye shi ba bayan shekara 3. Ya dawo a 1998 ya je Dubai ya ci kofin duniya na dawaki da tazarar hanci a kan wani doki Swain, ya ci gaba har yana shekara 5, tsere 24 ya yi ya ci 12, wato an ga nasararsa an ga faɗuwarsa an ga ya tashi. Daga baya shi ma Japan aka kai shi barbara, amma da wancan sharaɗin a takarda, ƙarshen 2014 aka dawo da shi nan.

Wata dattijuwa a rukuninmu, da kyar take tafiya jikarta na riƙe da ita, ta ciro wani tsohon hoto daga jaka duk ya koɗe, ita ce da mijinta a filin Belmont ranar da aka kayar da shi. Tace min mijin ya rasu, kuma shi ya koya mata son dawaki, ranar nan har kuka ya yi a mota. Ta tsaya jikin shinge tana yi wa dokin magana ƙasa-ƙasa kamar wanda suka saba, ba ta ko ɗauki hoto ba, jikar ce ke ɗauka. Jikar nan ba a haife ta ba a 1997 amma ta san sunan mahayin, Gary Stevens, ta san wanda ya zo na biyu a Derby ɗin. Nan na gane inda sababbin 'yan kallo ke fitowa. Ba talla ce ke kawo su ba, kaka ce ke kama hannun jika ta kawo ta gaban doki mai rai tace kin ga wannan.

Wanda ya fi shiga raina ni dai Lava Man ne, bai daɗe da zuwa gonar ba lokacin. Shi ba ɗan gata bane. A Kalifoniya aka haife shi a 2001, dandaƙaƙƙe, ya fara gudu a ƙaramin filin baje koli na garin Stockton cikin irin tseren da duk dokin da aka sa na sayarwa ne a kan farashin da aka yanke tun farko. A 2004 wasu suka ɗauke shi a irin wannan tseren kan dala dubu 50. Dokin nan sai da ya tara sama da dala miliyan 5, ya ci Hollywood Gold Cup sau uku a jere daga 2005 zuwa 2007, a 2006 kuma ya haɗa manyan tseren Kalifoniya uku a shekara ɗaya, abin da ba a taɓa yi ba kafin shi. Da ya daina gudu bai iya zaman banza ba, sai mai horar da shi Doug O'Neill ya mayar da shi dokin rakiya, shi ke raka ƙananan dawaki fili yana kwantar musu da hankali, shi ya raka I'll Have Another da ya ci Derby a 2012. Ya yi wannan aikin fiye da shekara 10, mutane na zuwa fili don su gan shi yana rakiya kawai. Da muka je wajensa shi ya fara zuwa, ya tura kai cikin bokitin matar kafin ta ankara, ta ture shi tana masa faɗa irin na wanda ake so. Akwai kuma Game On Dude, shi ma dandaƙaƙƙe, ya ci Santa Anita Handicap sau uku, na ƙarshen a 2014 yana shekara 7.

Ka lura da abin, yawancin dawakan da jama'a suka fi shaƙuwa da su waɗanda aka dandaƙe ne, don ba su da kuɗin barbara da za a yi gaggawar janye su saboda shi, dole a bar su a fili shekara da shekaru har yaro ya girma yana jin sunansu.

A gonar akwai maƙabarta, duwatsu a jere da suna da shekaru, wasu an ajiye musu furanni. Dawakan da ke hannunsu sun haura 200 idan aka haɗa da rassansu, kuma mafi yawansu ba wanda ya san sunansu, wasu ko tsere ɗaya na kirki ba su taɓa ci ba. Matar ta faɗa mana ba ɓoye-ɓoye, kuɗin da masu zuwa ganin Silver Charm ke biya da gudummawar da suke bayarwa shi ke sayen harawa da magani da biyan mai gyaran kofato na sauran. Tsoho ɗaya mai suna yana ciyar da garke.

Da yamma muka biya Kentucky Horse Park, ba nisa, inda aka binne shahararren dokin sukuwa Man o' War ƙarƙashin mutum-mutuminsa, mun wuce shi da sauri don lokacin fito wa 'yan kallo da tsofaffin zakarun dawakan da ke zaune a wajen ya kusa. Aka fito da Funny Cide, ja mai haske, shekara 23, dandaƙaƙƙen farko da ya ci Derby tun 1929, a 2003 kenan. Cikin masu shi akwai wasu abokai tun na sakandare daga wani ƙaramin gari a jihar New York da suka haɗa kuɗi, kuma a motar makaranta ruwan ɗorawa suke zuwa filin tsere, shi yasa talakawa suka ɗauke shi nasu. Ya yi gudu har yana shekara 7. A watan Yulin shekarar nan da muka je ciwon ciki ya kashe shi, yaron ne ya turo min labarin bayan na dawo gida. Gefen rumfar kuma kabarin John Henry ne, wanda aka taɓa sayarwa dala 1,100 saboda ƙanƙanta da mugun hali, ya yi tsere 83 ya ci 39, aka zaɓe shi gwarzon shekara a 1981 aka sake zaɓarsa a 1984 yana shekara 9, ya zauna a wajen nan mutane na zuwa gaishe shi har ya mutu a 2007 yana da 32.

A hanyar komawa muka yi musu sosai. Yaron yace Kawu kai son kallo ne ke damunka, ƙafar doki ba ƙarfe bace, duk tseren da aka ƙara masa kasada ce, ka manta Lava Man ɗin naka an dawo da shi fili a ƙarshen 2009 yana shekara 8 ya zo na ƙarshe? Nace ban manta ba, kuma ban ce a tsere da gurgu ba, dokin da likita yace ya gaji a sauke masa sirdi ranar. Amma wanda ake janyewa yana shekara 3 lafiyarsa garau ba tausayinsa aka ji ba, kai da bakinka ka yi min lissafin jiya. Masu kiwo na cin ribar yau suna cinye 'yan kallon gobe, don mutum ba ya shaƙuwa da dokin da ya gani sau 6. Yace to in kai ne mai Flightline fa, miliyan 20 a shekara? Nace zan bar shi ya ƙara shekara ɗaya ko biyu, masu Silver Charm ai ba mahaukata bane. Yace faɗa da baki. Har muka hango gadar bai yarda ba ni ma ban sauka ba.

Abu ɗaya muka yi ittifaƙi a kai, gonar na da tsarin da mutum zai ba da wani abu ya shiga cikin masu ɗaukar nauyin doki guda, a ba shi takardar shaida da hoton dokin. Tun a ofishinsu muka haɗa kuɗi za mu yi, nan ma sai da aka ja, ni ina Lava Man shi yana Touch Gold, wai kowa Silver Charm yake zuwa gani ana wuce wanda ya kayar da shi. Da yake katinsa na banki za a sa, Touch Gold ɗin aka rubuta.